Hankali da Linzaminsa: Rayuwar Baligi Mai Raunin Tattara Hankali



Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Nassarawa da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin ya san abin da zan kwatanta. Birni yakan yi ta zubo mutanensa ta wannan ƙofa kamar ruwa daga indararo. Wasu su ratsa ƙarƙashin gadar sama, wadda aka gina zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, su nufi Gidan Murtala. Wasu su miƙe hanyar gidan gwamnati zuwa Sakatariyar Audu Baƙo. Wasu kuma kasuwa suka dosa. A cikin wannan cincirindo nake so mu ware mutum guda mu bi shi. Ba wani takamaiman mutum nake nufi ba. Siffa ce na harhaɗa, amma ina kyautata zaton kafin in gama wasunku za su ce sun san shi, wasu ma su ce a ɗakinsu yake kwana.

Mutuminmu ya ba shekara arba'in baya, yana da digiri, yana aiki a ɗaya daga cikin ofisoshin da ke wajen ganuwa. Tun asuba ya tashi, ba barci ne ya makarar da shi ba. Ya zauna zai sa takalmi sai ya ga rediyon da ya lalace tun bara, ya ce bari ya ɗan duba shi. Da ya ɗago kai, minti arba'in sun wuce. Ya fita, ya dawo ɗaukar makulli. Ya sake fita, ya dawo ɗaukar fayil ɗin da ya zo da shi gida don ya ƙarasa, bai kuwa ko buɗe shi ba. Uwargida ta biyo shi zaure tana cewa, "Malam, kuɗin cefanen fa?" Ya laluba aljihu, sai ya tuna jiya ya sayi wata tocila da ba ya bukata. A ofis ya tarar an fara taro. Yana zama zancen ya kuɓuce masa, don fankar da ke kansa tana ƙara. Da ya kamo shi kuma, sai ya katse darakta a tsakiyar magana, ya kawo wata shawara mai kyau ƙwarai, wadda ba wanda ya saurara saboda yadda aka kawo ta. Kafin azahar masinja ya ajiye masa takardar tuhuma: a bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa wasiƙar da aka ba shi mako uku da suka wuce ba ta fita ba. Wasiƙar nan aikin rabin awa ce. Ya san abin da zai rubuta tun ranar farko. Kullum yana ganinta, kullum gabansa yana faɗuwa, kullum yana cewa gobe. Da aka tsare shi, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san abin da ya hana ni ba" ita ce iyakar amsarsa. Abin takaicin shi ne gaskiya ya faɗa.

To, mu Hausawa ba mu rasa sunan da za mu kira wannan mutum ba. Yana yaro mun ce ƙiriniya gare shi. Da ya zama saurayi muka ce rawar kai. Yanzu da furfura ta fara fitowa sai mu ce shiririta, ko sakarci, ko ganganci, ko mu ce ba shi da alkawari. Kowace ɗaya daga kalmomin nan hukunci ce a kan halinsa, kuma mun riga mun ce hali zanen dutse. A shekarar 1974 Jami'ar Indiyana ta Amurka ta buga wata lacca ta Baturen nan A. H. M. Kirk-Greene a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, inda ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku ɗora mutuminmu a kan wannan ma'auni. Wanda ya manta saƙo an ce ya ci amana. Wanda ba ya iya jiran layi ba shi da haƙuri. Wanda ya katse na gaba da shi ba shi da ladabi, wanda kuma bakinsa ke riga tunaninsa ba shi da kunya. Watau larurar da zan yi magana a kanta, in ta kama Bahaushe, rabin ma'aunin kirkinsa take taɓawa a idon jama'a, alhali zuciyarsa tana iya fin ta mai hukunta shi kyau.

Masana lafiya suna kiran wannan larura da wani dogon suna na Turanci wanda suke taƙaitawa da haruffa huɗu, ADHD. Ma'anarsa raunin tattara hankali wuri guda, haɗe da yawan motsi da garaje. A nan sai na ɗan tsaya, domin kalmar hankali tana ɗauke da kaya da yawa a harshenmu. Da ita muke cewa mai da hankali, da ita muke cewa yi a hankali, da ita muke cewa yaro ya yi hankali, da ita kuma muke cewa wane ya sami taɓin hankali. Saboda haka da zarar an ce wa magidanci hankalinsa yana da matsala, abin da kunnensa zai ji shi ne an kira shi mahaukaci, sai ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ba hauka ake nufi ba, ba kuma daƙiƙanci ba. Wanda ya taɓa kallon hawan Nassarawa ya ga ingarmun da ke fitowa ta wannan ƙofa tamu, ya kuma san ƙarfin doki daban, linzami daban. Mutuminmu dokinsa lafiyayye ne, sau da yawa ma ya fi na tsaransa gudu. Linzamin ne ba ya kamawa a lokacin da ake so ya kama. Shi ya sa za ka ga mutumin da ya kasa rubuta wasiƙar rabin awa ya kwana yana gyaran rediyo bai ko sha ruwa ba. Hankalin yana nan. Abin da ya ja shi yake bi, ko da mai shi wani wurin ya nufa.

Akwai masu cewa wannan sabon yayi ne da wayar hannu ta kawo, ko kuwa cutar 'ya'yan Turawa ce da ba a duka. Tarihi bai goyi bayansu ba. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya rubuta bayanin mutanen da hankalinsu ba ya zama a kan abu guda tun suna ƙanana. A 1902 George Still ya gabatar da laccoci a Landan a kan yara waɗanda ba sa iya kame kansu. A 1937 Charles Bradley, a wani asibitin yara a Amurka, ya lura da wani abin mamaki: maganin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa shi ne ya sa irin waɗannan yara suka natsu suka yi karatu. Sunan da ake amfani da shi yau ya shiga littafin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1987. Abin da aka daɗe ba a gane ba shi ne cewa yaron yana girma da abinsa. An ɗauka balaga tana warkar da shi, domin tsalle-tsalle da hawan katanga suna raguwa. Ashe motsin ciki yake komawa. Babba ba zai hau tebur ba, amma zai yi ta kaɗa ƙafa, ya tashi daga taro sau uku, ya canja sana'a sau biyar, ya kwanta da dare tunani goma suna kokawa a kansa.

Ƙididdigar da aka tattara daga ƙasashe da yawa ta nuna kusan yara 5 cikin 100 ne ke da larurar, manya kuwa wajen mutum 1 cikin 40. In muka ɗauki wannan lissafi muka shiga da shi ma'aikatar da ke da mutum 200, muna maganar mutum biyar ke nan. Nazarin tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma, wajen kashi 74 cikin 100, kusan yadda tsawon jiki ke bin gida. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe; sau da yawa ranar da aka kai yaro asibiti ne uban ke jin ana karanta tarihinsa shi kansa. Haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyin jariri suna ƙara haɗarin, haka ma gubar dalma, wadda muka ga irin ɓarnarta a ƙauyukan Zamfara a 2010. A cikin ƙwaƙwalwa kuwa, abin ya fi shafar aikin sashen da ke bayan goshi, wanda ke tsara aiki, ya auna lokaci, ya ce wa mutum dakata. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, wanda ya bi hotunan ƙwaƙwalwar yara shekara da shekaru, ya sami wannan sashe yana jinkirin nuna da kimanin shekara uku ga masu larurar. Masanin nan Russell Barkley ya daɗe yana nanata cewa matsalar ba ta rashin sanin abin da ya kamata ba ce, ta aikata abin da aka sani ce a daidai lokacinsa. Wannan ya bayyana mana dalilin da nasiha ba ta cin mutuminmu. Duk abin da za ka gaya masa ya riga ya gaya wa kansa, da kalmomin da suka fi naka zafi.

Yanzu bari in koma Ƙofar Nassarawa, domin ba don ado na fara da ita ba. A ganina, kuma wannan ra'ayina ne, ƙofar nan iyaka ce tsakanin tsarin aiki iri biyu. A cikin birni, yadda kakanninmu suka tsara sana'a, agogon mutum ba a kansa yake ba, a jikin jama'a yake. Marini a Ƙofar Mata yana aiki ne abokan aikinsa na gefensa, hannunsa na cikin baba, sakamakon aikinsa na gaban idonsa. Ɗan kasuwa a Kurmi ciniki ne ke zuwa ya same shi, kowane mai saye da sabuwar fuska da sabon zance. Yaron shago yana da maigida da zai ce masa tashi, je ka, dawo. Ladan ya raba yini gida biyar, ba mai bukatar ya tuna da kansa. A gida kuma akwai ƙane da za a aika, akwai yaya da za ta tuna. Mai raunin linzami a irin wannan tsari yana iya rayuwa har ya tsufa ana cewa dai wane akwai zafin nama, akwai surutu, ba a taɓa ganin gazawarsa ba.

Da ya fito ta ƙofar nan ya zauna a kan tebur, sai aka miƙa masa aikin da ya fi kowane wuya ga irin ƙwaƙwalwarsa: takarda mai kama da ta jiya, shiru, zama wuri guda, wa'adin da ke can mako uku gaba, da ladan da ba zai zo ba sai ƙarshen wata, ko an yi aikin ko ba a yi ba. Haka ɗalibin da ya yi fice a sakandaren kwana, inda ƙararrawa ke tashe shi ta kwantar da shi, yakan zo jami'a ya rushe a shekarar farko, domin ba mai kaɗa masa ƙararrawa. Kundin kammala digiri kuwa, wanda ba shi da ranar farawa sai ranar miƙawa, nan ne kabarin da yawa daga cikinsu. Ban ce tsohon tsari aljanna ba ne. Yaron da ya kasa zama a gaban allo ya sha bulala har ya gode Allah. Abin da nake cewa shi ne nauyin larurar yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon inda aka ajiye mai ita.

Mata fa? Su ne aka fi zalunta a wannan babi, domin tasu larurar ta fi zuwa da shiru. Yarinya ba ta hawa katanga. Tana zaune a aji idonta a kan allo, hankalinta yana Dala. Ba ta dami kowa ba, don haka ba wanda ya kula. Sai an kai ta ɗakin miji, an ɗora mata aikin da ba shi da farko ba shi da ƙarshe: tukunya a wuta, yaro a baya, wanki a jiƙe, baƙi a tsakar gida, kowanne yana kiran hankalinta lokaci guda. Tuwo ya yi ƙauri yau, gobe ma ya yi. Ta shiga ɗaki ta manta abin da ya kai ta. Dangin miji su ce ƙazama ce, ba a koya mata komai a gidansu ba. In akwai abokiyar zama mai tsari, to, an sami ma'aunin da za a riƙa gwada ta da shi kullum. Wasu a kai su wajen masu magani a ce iska ce ko sammu. Wasu kuwa takarda ce ke biyo baya, ta koma gida da sunan da zai bi ta gidan aure na biyu.

Kada a ɗauka abin ya tsaya ga ɓacin rai. A 2015 an buga wani bincike daga ƙasar Denmak wanda ya bi mutum kusan miliyan biyu, ya sami masu wannan larura sun ninka sauran jama'a haɗarin mutuwa da wuri, kuma mafi yawan abin da ke kashe su haɗurra ne. Wani binciken daga Suwidin a 2014 ya nuna haɗarin mota mai tsanani ya fi yawa a cikinsu, ya kuma ragu ƙwarai ga maza a watannin da suke shan magani. Ku tuna da wannan in kun ga mai adaidaita-sahu ya kutsa inda bai kamata ba a gindin gadar nan. Ba dukansu ba ne, amma akwai su a ciki. Sa'an nan ga shaye-shaye. Mutumin da kansa ba ya yin shiru zai nemi abin da zai sa ya yi. Mai sa'a ya tsaya ga goro da shayi mai kauri. Marar sa'a ya gangara ga taramol ko kodin, wanda sai da gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, bayan an ga irin abin da ya yi wa matasa, har da na Kano.

Wajibi ne in ja kunne a nan, musamman ga ɗalibai, don na ga wasu suna taɓa juna suna murmushi. Ba duk mai mantuwa ne ke da wannan larura ba. Wanda bai yi barci ba saboda zafi da sauro, da wanda ya fito bai karya ba, da mai ƙarancin jini, da mai ciwon damuwa, da wanda bashi ya sha masa kai, da wanda wayarsa ke ƙara kowane minti, duk hankalinsu zai tarwatse. Ƙa'idar da likitoci ke bi tun gyaran 2013 tana da tsauri. Sai alamun sun fara kafin shekara goma sha biyu. Sai babba ya cika aƙalla biyar daga cikin alamu tara na rashin tattara hankali, ko biyar daga tara na yawan motsi da garaje. Sai sun ɗauki wata shida ko fiye. Sai an gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da wurin aiki. Kuma sai sun yi wa rayuwa ɓarna ta zahiri. Wanda yake lafiya lau har ya shekara talatin sa'an nan mantuwa ta same shi, wani abu ne daban ke damunsa, ya kamata a bincika.

Magani akwai. Wanda aka fi sani shi ne metilfenidet, da ake sayarwa da sunan Ritalin, an kuwa fara haɗa shi tun 1944. Yana ƙara ƙarfin saƙon sinadaran dofamin da noradirenalin a ƙwaƙwalwa, watau yana ɗaure linzamin na wasu awoyi, ba ya canja dokin. Yana iya rage cin abinci, ya hana barci, ya ɗaga bugun zuciya da hawan jini, kuma yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, saboda haka ba abin saye a kemis da baki ba ne, samunsa ma a ƙasar nan ba shi da sauƙi. Akwai wani, atomoksetin, wanda ba ya cikin masu zaburarwa, amma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Babbar matsalarmu ita ce masu dubawa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta hana nuna wa mai irin wannan larura bambanci, amma doka ba ta haifar likita.

Saboda haka mafi yawan abin da za a yi, mu ne za mu yi shi, kuma dabarar ita ce wadda birni ya riga ya sani: a fitar da agogo daga kan mutum a ajiye shi a waje. Shugaban da ke da irin mutuminmu a ƙarƙashinsa, maimakon ya ba shi mako uku ya jira shi da takardar tuhuma, ya ce masa, "Malam, kawo mini sakin layi na farko kafin azahar." Zai sha mamaki. A ba shi umarni a rubuce, ɗaya bayan ɗaya. A matsar da teburinsa daga bakin ƙofa. In akwai aikin fita, na zagayen duba makarantu ko gine-gine, ko na kashe wutar rikicin da ya taso ba shiri, a gwada shi a can. Sau da yawa wanda ya kasa da fayil shi ne gwani a ranar da kowa ya rikice. Shi kuma ya daina amincewa da "zan tuna": ƙusa guda a bayan ƙofa don makulli, littafi guda a aljihu ba biyar ba, aiki a ɗaure shi da lokacin salla tun da wannan agogon ba ya tsayawa, kuɗin cefane da na makaranta a miƙa su ranar albashi kafin a bi ta kasuwa. In zai yi aikin da yake gudu, ya zauna kusa da wani mai aiki, ko da ba za su yi magana ba. Na san magidanci zai ji nauyin ya ce wa matarsa ta riƙe masa kuɗi, ko ya roƙi na ƙasa da shi ya riƙa tuna masa. Nauyin nan bai kai na sallama daga aiki ba.

Wanda ya ji bayanin nan ya ga kansa a ciki, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai kuma na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Kada ya tafi shi kaɗai. Likita zai tambayi yadda yake kafin ya shekara goma sha biyu, shi kuwa ba zai iya ba da wannan shaida a kan kansa ba. Ya tafi da mahaifiyarsa in tana da rai, ko yayarsa, ko wani kawu da ya ga tashinsa. In kuma tsofaffin rahotannin firamare suna nan a ƙasan adaka, ya ɗauko su, ya duba wurin da malamin aji ke rubuta ra'ayinsa da jan biro.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu. A buɗe fagen tambayoyi.